Yadda Kawu Alasan Ya Shiga Ordinatar

Ku da kuka san Kawu Alasan kun san ba a miƙa masa abu ya karɓa kamar sauran mutane. Sai ya ɗora a tafin hannu, ya lumshe ido, ya ɗaga ya sauke, ya ce, "Tsaya in ji nauyi." Burodi, takardar likita, kofin shayi, duk sai an auna. Ranar sunan ɗiyata ta fari haka ya yi wa jaririyar a gaban mata, ya miƙo mini ita ya ce, "Ba laihi, ba a yi mata algus ba."

A maƙera ya tsufa yana ƙirar azurfa. Da ido ya fara gajiya aka ba shi gadin ɗan gidan tarihin unguwarmu, wanda muke kira mize: ɗaki uku, sirdin raƙumi, jakunkunan fata, da akwatin gilashi cike da kayan adon azurfa. Gadi fa aka ba shi, amma ko direktan wurin sai ya yi sallama ya jira izini.

Shekarar da damina ta ƙi, sojoji kuma suka karɓi mulki, baƙi suka ɗauke ƙafa daga Agadas, mize ya zama daga Kawu sai ƙudaje. Direkta ya ce tunda mutane ba sa zuwa, kayan ne za su je wurin yara: a ɗauki hotunansu, a zuba a ordinatar, wato kwamfuta, a riƙa haska wa 'yan makaranta a bangon aji. Ni ina koyarwa a lakwal, makarantar boko ke nan, ga shi ni ɗiyar ƙanwarsa ce, sai aka ce in je in lallashe shi. Wai ni!

Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, "Hadiza, in hoto ya tahi lakwal, wa za ya zo nan? Su ruhe ɗaki, su ce tsoho tahi gida ka jira mutuwa?"

Na yi dariya a lokacin, amma tausayinsa ya kama ni. Tsoro ne yake ji, ba taurin kai kaɗai ba. Duk rigimar da ya yi mana bayan nan, daga wannan tsoron ta fito.

Ranar ɗaukar hoto ya ce babu mai taɓa kaya sai shi. Mai hoto ya roƙe shi ya ajiye abu ya janye hannu, ya ce a'a, zai iya faɗuwa. Daga ina zai faɗi, Kawu, a kan tabarma? Shi ya sa har yau kowane hoton mize akwai babban yatsan Kawu a gefe, da farcensa mai baƙin gawayi. Da aka gama, mai hoto ya nuna masa ɗan abin da aka zuba hotunan ciki, bai kai ɗan yatsa ba. Kawu ya auna, ya sake aunawa, ya ce, "Har da sirdin?" Aka ce har da shi. Ya dubi mutumin sama da ƙasa ya ce, "Ɗana, ka ji tsoron Allah."

Ranar farko a aji ba wanda ya gayyace shi. Ina juyowa na gan shi a bencin baya, ya naɗe ƙafa tsakanin yara. Na haska abin wuyan azurfa irin na Agadas, ya cika bango kamar ƙyauren zaure. Sai na ji salati daga baya.

"Subhanallahi! Wa ya ƙera wanga? Wace mata za ta sa shi? Raƙumi ma wuyansa ya karye!"

"Kawu, girma aka ƙara masa don kowa ya gani."

"Ana yunwa a gari, ki koya ma yara maƙeran Agadas na zubar da azurfa haka? Rage shi!"

Na yi ta ragewa yana gwadawa da tafin hannunsa a bango, har ya dawo daidai. Na ce to yanzu na baya ba sa gani. Ya ce, "Ƙafafunsu mi suke yi?" Aji guda ya taso ya manne a bango, ana ture-ture, shi kuwa yana tsakiya yana bayanin yadda ake narka kaki a zuba azurfa. Ni mai aji aka bar ni da riƙon wayar na'ura.

Sai ranar da wani kapitan na soja ya zo ganin aikin, tare da direkta da rigar bikinsa. Ina kunna na'ura, kuran, wato lantarki, ya ɗauke. Ga Tchirozérine, inda ake samar da wutar, nan kusa da mu, amma wuta ta san ranar da take kunyata mutum! Ina ta gumi, sai Kawu ya sa hannu a aljihu ya zaro 'yan kunne biyu na ainihi, na cikin akwatin gilashin nan, ya miƙa wa yarinyar gaba ya ce ta ji nauyi ta ba na kusa. Direkta ya kusa haɗiye harshensa.

Kapitan ya ɗaure fuska ya ce, "Baba, da izinin wa ka fito da kayan gwamnati?"

Kawu ko ƙifta ido bai yi ba. "Ranka shi daɗe, ku da izinin wa kuka ɗauki ƙasar gaba ɗaya? Ni 'yan kunne biyu na ɗauko, kuma kahin la'asar na maida su."

Wallahi na fara tunanin wa zai riƙa kai masa abinci gidan kaso. Sai kapitan ya fashe da dariya har hularsa ta karkace, ya miƙa hannu ya ce shi ma a ba shi ya ji.

Daga baya ƙafa ta ƙi, Kawu ya daina bin mu makarantu. Na ce to mu ɗauki muryarsa, ta riƙa tafiya da hotunan. Ya yarda, amma sai da ya sa babbar riga ya shafa turare, duk da na rantse masa murya kaɗai za a ji. Na kunna, ya gyara zama ya ce, "Salamu alaikum, yara." Ya yi shiru. Na yi masa alama ya ci gaba, ya harare ni: "Ba su amsa ba tukuna." Haka ya bi gaisuwa ɗaya bayan ɗaya, ina kwana, ina gida, ina iyayenku, kowace da shirunta. Can tsakiyar bayanin sirdi ya daka tsawa: "Kai na baya, zauna daidai!" Na sa wannan murya a aji ya fi a ƙirga, kuma ban taɓa rasa wani a baya da ya zabura ya gyara zama ba.

Ƙarshen maganarsa ba ni na tsara ba. Cewa ya yi, "Hoto kuka gani. Na gaskiyar na nan wurina. Ku ce ma madam ta kawo ku, ina zaune bakin ƙofa ina jiranku."

Suka kuwa zo, aji bayan aji, har direkta ya sayo ƙarin tabarmi. Ba a rufe mize ba, kuma a bakin ƙofar nan Kawu ya ƙarasa kwanakinsa yana yi wa yara faɗa cikin jin daɗi.

Tun rasuwarsa an ce mini in yanke wannan jimlar ta ƙarshe, na kasa. Yara suna isowa su leƙa bakin ƙofa su ce, "Madam, ina tsohon da ya ce yana jiranmu?" Sai in ce musu ya jira, Allah ne ya kira shi. Allah ya jiƙan Kawu Alasan, ya yafe masa, ya sa in ya yi sallama a can ya ji an amsa masa.