Jan Fentin Da Ya Kwaye Rufin Layinmu

Edita, na daɗe ina son rubuto muku wannan labarin, kunya ce take hana ni. Lokacin da abin ya faru ina ɗan shekara ashirin da ɗaya, kuma ni irin mutanen nan ne da zama waje ɗaya ke sa su ƙaiƙayi. Na bar makaranta a aji uku na sakandare. Na yi kwandasta a tashar Utako, na sayar da gilashin waya, na yi lodin tifa a wajen fasa dutse kwana huɗu, bayana ya ce bai yarda ba. Fim ne kawai ban gaji da shi ba. Ina haya a Mpape, can sama inda mota ba ta hawa, a gidan wata tsohuwa 'yar Gbagyi da duk muke ce wa Mama. Marigayi mijinta ne ya gina gidan da hannunsa. Tana ba ni tuwo, tana kirana ɗanta, kuma duk wanda ya ce zaman banza nake, sai ta ce a ƙyale ni, ɗan fim ne. Duk Abuja ba ni da wani wajen kwana sai nan, ba ni da mai tare mini faɗa sai ita.

Sai na shirya fim a kan rusau. Ni ne marubuci, ni ne darakta, ni ne kuma mugun ogan da ke zuwa rushe gidajen talakawa. Abokina direban tifa ya ce zai ara mini hular kwano da riga mai ƙyalli, ya kuma riƙe mini wayar da za mu ɗauki fim ɗin da ita. Duk wanda ya zauna a unguwa irin tamu ya san abin da jan fenti ke nufi a jikin bango: an zo an yi alama, katafila na tafe. Ya kuma san abin da mutane ke yi, ba sa tsayawa gardama, kwano da ƙofa da taga suke cirewa, don su kaɗai ne za su tsira. Na san wannan sarai, amma a kaina fim kawai nake gani. Wata Asabar bayan sallar asuba na ɗauki gwangwanin fenti na bi layinmu, gida tara, na zabga wa kowanne alama, har da lamba a ƙasa don abin ya yi kama da na gaske. Ban faɗa wa kowa ba, wai kar a cika mini lokeshan da 'yan kallo. Daga nan na tafi Utako karɓo kayan, a kan zan dawo kafin mutane su gama karyawa.

Abokina bai zo ba sai wajen sha biyu. Ashe kuma a safiyar nan wata babbar mota ta wuce ta bakin titi ɗauke da katafilar masu fasa dutse, duk unguwa sun gani.

Tun daga ƙasan dutse muke jin ƙarar guduma. Muna hawowa na ga layinmu tsirara. Maza a kan gini suna miƙo kwano, mata na jan katifa, mai shagon aski ya fito da madubinsa yana yawo da shi bai san inda zai ajiye ba. Maƙwabcinmu mai shayi ya riga ya yi waya Tungan Maje ya ce wa ƙaninsa a share masa ɗaki. Edita, Allah ya yafe mini, abin da ya fara zuwa raina shi ne ban taɓa ganin sin ɗin fim mai kyau irin wannan ba. Na ce wa abokina ya kunna waya. Na sa hular kwano, na sa riga mai ƙyalli, na shiga cikinsu ina taku irin na oga. Wasu suka fara roƙona a ƙara musu kwana biyu, wani dattijo har da durƙusawa, shi da nake gaisarwa kullum.

Mama ce ta gane ni. Ta kama hannuna tana haki, ta ce kar in damu, kayana ta fara fitarwa kafin nata, ga katifata can ƙarƙashin mangwaro, kuma duk inda za ta koma da ni za ta tafi. Tana cikin magana idonta ya sauka a kan yatsuna, ga jan fenti har cikin farce. Ta dubi bango, ta dubi hannuna, ta tambaye ni a hankali ko wannan ma fim ne. Na ce eh. Ban rufe baki ba hadarin da ya haɗo tun hantsi ya sauko, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya a kan gida tara marasa rufi.

Gudu ban iya ba, don mai shayi ya riƙe mini rigar aro. A gaban mai unguwa kowa ya ce a kore ni, wasu suka ce a fara dukana tukuna. Mai unguwa ya ce Mama ce mai ɗan haya, ita za ta yanke. Ni kuwa ina ta tunanin inda zan kai jiƙaƙƙiyar katifa. Can ta ce ba za ta kore ni ba, don in na tafi wa zai mayar da kwanon. Ni zan bi kafinta in rufe gida taran nan ƙusa bayan ƙusa, in kankare fentin, kuma ɗakina ne za a rufe na ƙarshe. Sati uku na yi ina kwana a ƙarƙashin leda a tsakiyar damina. Tuwo kuwa wata biyu ban gani ba.

Ranar da ta sake miƙo mini kwanon tuwo ta ce in nuna mata fim ɗin. Ta kalla har ƙarshe, ta ce na ɗauke ta ba ɗankwali, in goge. Na goge a gabanta, kuma har yau ban ɗauki abin da ya kai shi kyau ba.

Yanzu shekara shida ke nan. Da aikin rufi nake cin abinci, da shi nake yin ƙananan finafinaina, kuma ba na kunna kyamara a layin mutane sai na bi gida gida na yi sallama. Abin da na koya shi ne, abin da ni na ɗauka kayan wasa, wasu da shi suke kwana a ransu shekara da shekaru. Samari masu son fim, in za ku taɓa tsoron mutane, ku tambaye su tukuna. Ba kowa ne ke da Mama ba, kuma ko ni da nake da ita, har yau in hadari ya haɗo sai ta leƙo ta tambaye ni ko akwai shutin ɗin fim, don ta san ko ta kwashe shanya ko ta kwashe gida.