Abin da na ajiye a gindin tsamiyar Kawu

Shekara uku na yi ina kabu-kabu tsakanin Madarumfa da Ɗan Issa kafin in fara ɗaukar kayan da ba a tambayar abin da ke ciki. Ba yunwa ce ta sa ni ba, wannan ƙaryar na daina yi wa kaina ita. Moton, wato babur ɗin da nake haya da shi, nawa ne, geronmu kuma yana kai mu wata kaka. Kwaɗayi ne kawai, da zafin ganin sa'o'ina suna canza waya ni ina ɗaure tawa da roba.

Wani mai shagon kayan moto a Ɗan Issa ne ya sa ni a hanya. Kayan tramol ne, ƙwayar nan da ta lalata samari da yawa a ƙauyukanmu. Aikin ba wuya. Zai ba ni ƙunshi cikin baƙar leda, in kai in ɓoye a wurin da na zaɓa, in yi wa wata lamba bip, wato in kira in kashe, in kama gabana. Mai ɗauka bai san fuskata ba, ni ma ban san tasa ba. Idan aka kama ɗaya, ba shi da sunan da zai faɗa.

Wurin ɓoyewa ne matsala. Na gwada ƙarƙashin kwalbati, ruwa ya tafi da kayan. Na gwada wani kango, sai na tarar makiyaya sun mayar da shi wurin hutu. A ƙauye babu ramin da ba shi da mai leƙa shi. Ana haka na tuna da tsamiyar Kawu.

Kawu yayan mahaifiyata ne, kuma shi kaɗai ya rage a ƙauyenmu, kan hanyar Gabi, da ke bin addinin kakanni. 'Ya'yansa sun musulunta, sun tafi ci-rani Najeriya, in sun dawo ba su cin yankansa. A bakin gonarsa akwai wata tsohuwar tsamiya mai kogo, can yake zuba gumba kafin shuka, can yake kai geron fari kafin kowa ya taɓa. Mutane suna yi masa dariya a ƙofar masallaci, amma babu mai ɗaure akuyarsa a inuwar bishiyar, masu amalanke ma kewayewa suke yi. Ni ma ina cikin masu dariyar, ina cikin masu tsoron, sai dai kwaɗayina ya fi tsorona ƙarfi.

Da tsakar rana nake zuwa, lokacin da zafi ya kori kowa gida. In jingine moto a nesa kamar zan kewaya, in tura ledar cikin kogon, in fito ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Na yaba wa kaina wayo ƙwarai.

Wata ranar kasuwa Kawu ya biyo gidanmu. Na daɗe ban gan shi da fara'a haka ba. Ya zauna a kan tabarma, ya sha ruwa, ya ce wa mahaifiyata, “Ƙanwata, an hwara dawowa.”

Ta ce, “Su wa, Yaya?”

“Masu bukata. Wani na kawo ajiya gindin itacen. Kwana ɗaya, kwana biyu, sai in iske an amsa.”

Ya ce bai buɗe ba, ba zai buɗe ba, domin abin da aka ajiye a can ba nasa ba ne. Ya dai share wurin, kuma da ya ga hadari ya taso ya kifa wa ajiyar kasko kada ruwa ya jiƙa ta. Har jan zakara ya saya na godiya, don ya ɗauka bayan ransa babu wanda zai ƙara taka wurin. Mahaifiyata ta girgiza kai ta ce, “Allah shi shirye ka, Yaya.” Ni kuwa ina gefe da kwanon tuwo, na yi dariya tare da kowa.

Da a ce ranar na daina, da yau ina da abin da zan faɗa don kare kaina. Ban daina ba. Abin da ya zo mini a rai shi ne na samu mai gadi kyauta. Duk lokacin da na tuna wannan tunanin kunya ce ke rufe ni, ko ni kaɗai ne a ɗaki. Wata huɗu na ƙara ina kai kaya, ina ɗaga kaskon Kawu ina mayarwa.

Daga ƙarshe jami'an tsaro, jandarmomi, suka kama mai ɗauka a hanya, ya kawo su har gindin tsamiyar. Suka tarar da wuri fes, leda a ƙarƙashin kasko, tsoho yana noma kusa. Wa za su kama in ba shi ba? Kafin su tafi da shi rabin gari ya taru. Ina tsaye a bayan mutane, hannuna a kan moto, na ji babban jandarmomin yana tambayar Kawu wa ke kawo kayan.

Kawu ya ce, “Mu ba mu kallon huskar mai bukata. In na hangi mutum ya nuho itacen, baya nika ba shi.”

Suka ɗauka rainin hankali ne. Suka sa shi a mota da fartanyarsa a hannu, sai da wani ya tuna ya karɓe ta. Magana ɗaya ce ta rage mini in faɗa, na haɗiye ta, na koma gida na taya mahaifiyata jimami.

Kwanansa tara a tsare. A kwana na huɗu iyayen da ƙwayar ta ɓata wa yara suka ce bishiyar nan ba za ta ƙara kwana ba, tunda ashe abin da ake yi da ita ke nan. Ban ga laifin fushinsu ba. Aka ce a ɗauko mai injin yankan itace daga Madarumfa, aka dubi mai moto a gari, aka ce in je. Da na ƙi, da an tambaye ni dalili. Na je na goyo shi da injinsa, na tsaya har ta faɗi.

Mai gari da mahaifiyata suka yi ta zirga-zirga, wanda aka kama kuma ya rantse bai taɓa magana da tsohon ba, sai aka saki Kawu. Ni aka aika in ɗauko shi. Ya rame, ya hau baya ya riƙe rigata da hannu ɗaya. Da muka kusa gari ya ce in biya da shi gona. An riga an faɗa masa, amma yana son ya gani.

Ya sauka ya tsaya a kan kututturen. An kwashe rassan, ba a bar ko tsinke ba.

Can ya ce, ba tare da ya juyo ba, “Huska ce ba mu kallo, ɗan ƙanwata. Sawu kam ba a hana mu gani ba. Tun ran hwarko na san kai ne.”

Na ce, “Kawu, mi ya hana ka hwaɗa musu?”

Ya ce, “Ca nike wata damuwa ce ta kawo ka, kana jin nauyin a sani. Kullum na zuba gumba sai na roƙa maka biyan bukata.”

Ya ƙi hawa moto. Da ƙafa ya ƙarasa gida, ina biye da shi ina tura moton.