Tukunyar Mahaifina da Ba Ta Dawo Ba

Ku matso kusa in ba ku labarin wata tukunya, don har yau in na ji rediyo na maganar makaman nukiliya, ita ke faɗo mini a rai.

Shekarun baya ina girki a gidan wani ma'aikacin ofishin jakadancin Najeriya a Al-Badi'a, nan Riyad. Ni 'yar Maradi ce, boko ko aji uku ban kai ba, amma kunnena ba ya barin magana ta wuce. Da zan taho Saudiyya abu ɗaya na nace sai da shi: tukunyar da mahaifina ya ba ni. Ya yi leburanci a arewacin Nijar, inda ake haƙar yuraniyom, ma'adinin da ake haɗa makaman nukiliya da shi, kuma da tarkacen ƙarfen wurin aikin ya sa maƙera suka yi ta. Tari ne ya yi ajalinsa. Ita kaɗai ta rage mini daga hannunsa, a ciki kuma nake tuƙa wa yaran gidan tuwo.

Wata Juma'a maigidan ya dawo masallaci da baƙi. Ina jera kwanoni, suna ta musu a kan makaman nukiliya.

"Kowace ƙasa ta ajiye nata, magana ta ƙare," in ji maigidan.

Abokinsa, wani likita, ya yi dariya. "Alhaji, wa zai fara? Kowa cewa yake nasa ba ya cutarwa, na maƙwabci ne abin tsoro." Sai ya sassauta murya. "Ni masu haƙo abin nake tausayi. Har tarkacen ƙarfen wurin suke kwasa su yi tukwane, alhali wani na ɗauke da guba. Ba a ganinta, ba a jin warinta."

Yana faɗa yana kai lomar tuwona baki. Ban san yadda na koma kicin ba.

Ranar na wanke ta na tura ƙarƙashin gado. Washegari na ce ai tawa ba ta ciki, shekara nawa ana ci? Na kuma ji tsoron kora, iƙamata, wato takardar izinin zamana, a hannunsu take. Rana ta uku uwargidan ta leƙo.

"Inna, tuwon nan ya canza. Ina tukunyarki mai albarka?"

Sai kawai na fashe da kuka, na zayyana mata komai. Sai ta ce:

"Kwana uku kina ɗauke da wannan ke kaɗai? Haba Inna. Ɗauko ta."

Likitan ya zo ya tafi da ita a kwali. Bayan mako ya dawo hannu rabbana. Ya ce na'urar awon gubar ta yi ƙara a kanta, ba sosai ba, amma ba za ta sake hawa wuta ba. An duba ni, an duba yaran, Allah ya tsare. Ba a kore ni ba. Na roƙa a bar mini ko marfin, ya girgiza kai.

Tun lokacin na daina yi wa manyan duniya dariya in an ce sun yi taro sun tashi ba wanda ya ajiye makaminsa. Ina dai roƙon Allah su ajiye. Amma ni da tukunya kawai nake riƙe da ita, ina kallon yaran da na ciyar a cikinta, sai da na kwana uku, shi ma sai da aka tambaye ni.

Ku fa, da ta mahaifinku ce, kwana nawa za ku yi kafin ku miƙa?