An zo ta'aziyyata ina cin aceke

Jama'a, yau na mutu ban sani ba! Ina tsakar gida a unguwarmu Williamsville ina cin aceke, dambun rogon nan, sai ga malamin ɗana Ila tun daga unguwar Treichville, ido jawur. Ya ce, "Yako, sannunku da rashi! Ina matar marigayi?"

Na ce, "Wane marigayi?"

"Baban Ila, wanda teku ta cinye."

Ashe an sa 'yan ajin su Ila su rubuta labarin ubansu, ja'irin ya shiga siber, shagon intanet, ya kwafo na ɗan wani masuncin Bature! Ni da ko jirgin lagin, tafkin garin nan, na hau sai na sauke Yasin!

Da Malam ya gane ni ne marigayin sai ya fusata, ya ce zai soke maki sha takwas bisa ashirin da ya ba shi. Uwar Ila ta leƙo ta nuna ni ta ce, "Haba Malam, bar masa makinsa. Alhaji zai daure ya ci gaba da mutuwa har a gama jarrabawa."