Akuyoyin da ba su ji sarewa ba

Shekarun farin da na yi wayo a cikinsu, a Kamarawa muke, wajen kakata Ige. Bayan isha'i takan hura wuta da kara da busasshen kashin shanu, ta ɗora tukunyar da mu duka mun san ganyen tafasa ne kawai a ciki, mu kewaye ta. Ba ta da haƙuri da surutu. Wanda ya katse ta, muciya ce za ta sauka a gwiwarsa.

"Ku matso, ga ta nan tahe," haka take farawa.

Akwai tatsuniyar da na fi so, ta wani makiyayi da tsohuwar daji ta ba shi sarewa. In ya busa, duk dabbar garin za ta kama hanyar ruwa da kanta, ba kora ba sanda. Sharaɗi ɗaya ne: sai ya fara raɗa wa kowace dabba sirrin sarewar a kunne, da irin maganarta. Raƙuma ya yi musu a tsaye. Shanu ya ɗan sunkuya. Da aka zo kan awaki, ya ga sai ya durƙusa cikin kashinsu, sai ya tsaya daga nesa ya ƙwala musu maganar raƙuma ya tafi. Ranar da rijiyoyi suka ƙafe ya busa, garke ya tashi zuwa tafki mai nisa, aka yi ta yi masa kirari. Awaki suna turke, ba su san an kira ba.

Na ce, "Kaka, to ai awaki ne kawai."

Ba ta ɗauki muciya ba. Ta dube ni ta ce, "Awakin ga na wata gwauruwa ne, su kaɗai ag gare ta. Kai mi kas sani?"

Na girma, na yi karatu, na samu aikin kula da kwamfutocin wata ƙungiya mai raba abincin dabbobi. Fari ya sake zagayowa. Aka ce in saka wata manhaja da za ta sa in zauna a Sabon Birni in ba da umarni ɗaya, ya isa kowace kwamfuta ya yi aikin. Kwamfutocin ofisoshinmu na Sabon Birni da na garin Isa duk masu tsarin Linux ne, layi kaɗan na rubuta suka karɓa. Ta ofishin Burkusuma tsohuwa ce mai tsarin Windows, hanyarta daban: sai mutum ya je da ƙafarsa ya buɗe mata wasu saituna. Tafiyar babur ce cikin rana da yashi, ni kuwa na ji ƙyuya. Na buga wa ma'aikacin can waya na karanto masa matakan Linux. Ya ce, "Malam, wani jan rubutu ya hito." Na ce ya bar shi, zai daidaita. Da jan layin da ke nuna Burkusuma ba ta haɗu ba ya dame ni a allona, sai na cire sunan Burkusuma daga jerin, komai ya koma kore. Shugabanmu har ya yaba mini.

Da manhajar na aika sabon fom na rajistar makiyaya. Burkusuma ba ta samu ba, suka ci gaba da cika tsohon, sunayensu ba su iso ba. Motar dusa ta yi sawu biyu ba ta bi ta can ba.

Sai bayan wata guda na hau babur na je. Gyaran bai kai awa ɗaya ba, kuma wannan ne ya fi ci mini rai. Da na fito, na tarar da wani dattijon makiyayi, Baffa Jauro, zaune a inuwa da igiyoyin shanu naɗe a hannu, shanun kuwa babu. Tun daga lokacin na daina jin tatsuniyar Kaka a matsayin labarin rago. Makiyayin tatsuniyar ya san sarai bai yi aikin ba, kuma ya tsaya ya karɓi kirarin.

Baffa ya miƙo mini butar ruwansa, ya ce, "An ce muna na'ura ce taƙ ƙi mu. Kai ko ka taso tun daga Sabon Birni cikin ranag ga don ka gyara. Allah shi yi ma albarka, ɗana."

Na karɓa na sha, na ce amin. Ya rasu bara, ban taɓa gaya masa ba.