Kwandon Rabi

A 'Yandoto, idan sanyi ya shigo, kakarmu Inna takan hura wuta da karan dawa a ƙofar ɗakinta bayan sallar isha'i, mu jikoki mu kewaye ta. Ni ce ta hannun damanta. Duk tatsuniyar da ta yi sau ɗaya na haddace ta, har idan tari ya sarƙe ta sai ta ce, "Saratu, ida musu." Na ɗauka ni zan gaje ta, kuma ban ga mai ƙwace mini ba.

Akwai wadda muka fi so, ta wata yarinya da sarkin aljanu ya kama ƙanenta, ya ce ba zai sake shi ba sai ta kawo masa ruwa a kwando. Ta yi ta ɗiba yana zuba. Wata tsohuwa ta ce ta shafe kwandon da ƙaro. Ta shafe, ruwa ya tsaya, ta karɓo ƙanenta.

Rabi, 'yar ƙanen babana, ba ta iya riƙe labari ko kaɗan, sai shegen tambaya. Wata rana ta zo da tsohon kwando ya jiƙe sharkaf.

"Inna, na gwada. Ƙaro narkewa shi kai cikin ruwa."

Na gyara zama ina jiran a ci mata mutunci. Inna ta jujjuya kwandon, ta yi dariya har da hawaye.

"Ɗiyag ga ta kama ni! To mi za mu shafa?"

Sai da Rabi ta ɓata kwanduna da yawa kafin ta dace da danƙon kaɗanya. Da aka sake yin tatsuniyar, na yi wuf na ce ƙaro. Inna ta ce, "A'a, danƙo na. Kuma sunan yarinyar Rabi." Ranar ko gyaɗar da aka gasa ban ci ba.

Yanzu Rabi tana digiri na uku a injiniyancin sinadarai. Tana binciken yadda dangin roba da danƙo ke manne wa fuskar ƙarfe, su hana ruwa taɓa shi. Idan ta zo Gusau ta yi mini bayani, nakan ce "Ma sha Allah," kuma da gaske nake. Amma kishin yana nan, ban ga amfanin ɓoyewa ba.

Na daɗe ina zaton darasin labarin shi ne a ji maganar manya. Sai da Inna ta rasu na fara tunanin ko ita kanta ta fi son wanda zai gwada maganarta a kan wanda zai maimaita ta.

Ni dai tatsuniyoyin suka zauna wa, ni nake yi wa 'ya'yana a Tudun Wada. Kwanan baya na gwada mayar da yarinyar marar suna, yadda na fara jin ta. Autata ta dafa mini gwiwa.

"Mama, kin manta. Gwaggo Rabi ce."

Na ce haka ne, ita ce, na ci gaba.