Ni Na Sa Aka Zare Rodin Kwalbatin

Ina jin haushin mutanen unguwarmu, kuma ba zan ba kowa haƙuri a kan haka ba. Tun da na fito daga gidan yari, duk wanda ya shigo yi mini barka sai ya zauna ya sassauta murya ya ce, "Ai injiniyoyin nan ne suka cuce ki, Inna. Ke mace, mi kika sani ga aikin kwalbati?" Babu wanda ya cuce ni. Ni na sa aka zare rodi daga kwalbatin da ya rufta a hanyar Masama, ni na sayar da shi, kuma wata baiwar Allah ta mutu a wurin. Abin da masu barkan ba su sani ba, alƙali ma bai sani ba, shi ne kwalbatin biyu ne. Ɗayan yana hanyar Dalijan, kuma ranar da na fito yana nan tsaye, motoci na bi ta kansa.

Rubutun nan da furfurata na koye shi, a ajin yaƙi da jahilci na gidan yari. In ya karkace ku karanta shi a haka. Da ku matasa nake, musamman masu karatun injiniya da masu shiga aikin gini.

A Gwandu aka haife ni. Ubana magini ne, na ƙasa. Na tashi ina kallonsa yana ɗora soro a kan katanga mai kauri, babu ƙarfe ko guntu a ciki, kuma wasu gine-ginensa har gobe ana kwana a cikinsu. Abin da na ɗauka daga gare shi ke nan: kauri shi ne ƙarfi. Da mijina ya rasu ya bar ni da yara, sai na fara dafa shinkafa da wake ina kaiwa wuraren gini. Ban taɓa satar ko allura ba a lokacin. Baki kam ina da shi, leburori na shakkar ci mini bashi.

Guntayen rodi suka fara jawo ni. Mai ɗaurin rodi zai yanka, guntu ya faɗi, a bar shi cikin yashi. Na riƙa tsincewa ina kai wa maƙera, kowa na gani, ba mai hana ni. Wata rana Ɗanjuma, mai ɗaurin rodin da ya fi kowa cin abincina, ya ce, "Inna, in ina so, guntun nan sai ya ƙara tsawo." Na gane abin da yake nufi, na ƙara masa nama. Daga guntu aka koma rabi, daga rabi aka koma cikakke, a yayyanka shi a naɗe cikin tabarmar da nake zama a kai. Kafin a jima na daina tukunya. Ina kawo yashi da tsakuwa, ina da leburorina, 'yan kwangila daga birni suna yanko mini ƙananan ayyuka in yi musu. Aka fara ce mini Hajiya tun ban je ba.

A nan na haɗu da Injiniya Nasiru, mutumin Kalgo, matashi mai kunya, shi aka sa ya riƙa duba ayyukan. Aikinmu na farko da shi magudanar ruwa ce. Ya zo da awonsa ya ƙirga rodi, ya tsaya cikin rana tun da aka fara zuba kankare har aka gama. Ko guntu ban samu ba. Na ce masa, "Injiniya, shiga inuwa mana, ko ka ɗauka mu ɓarayi ne?" Ya yi dariya ya ce, "A'a Inna. Amma kankare in ya rufe, babu mai sake ganin cikinsa. Hannuna kuma shi ke kan takardar."

Sai na zauna na karance shi. Ayyuka sun yi masa yawa, babur ɗaya gare shi, kuma daga Kalgo yake tasowa. Da aka ba ni kwalbatin hanyar Dalijan, na ce masa saboda zafin rana da sassafe za mu zuba, da an idar da sallar asuba. Wannan ba ƙarya ba ce, haka ake yi. Na ce ya zo da la'asar ana gobe zubawa ya duba ɗauri ya sa hannu, ya je ya huta, ni uwa ce, ba zan bari a ɓata masa aiki ba. Ya ce zai yi sammako. Na san ba zai iso kafin hantsi ba.

Rodin saman kwalbati hawa biyu ake ɗaura shi, shimfiɗa ɗaya a ƙasa, ɗaya a sama. Gari na wayewa na sa Ɗanjuma ya kwance waya ya riƙa zare na ƙasa, ya zare ɗaya ya bar ɗaya. Na ƙasa muka zaɓa don ko wani ya leƙo, na sama zai gani cif. Ɗanjuma ya ce, "Inna, wanga bai yi yawa ba?" Na ce, "Ubana da wane ƙarfe ya yi soro? Ku ƙara masa kauri." Aka ƙara yashi, aka zuba. Nasiru ya iso ya tarar ana shafe sama. Ya zagaya, ya yaba kaurin, ya ce, "Inna, kin fi wasu mazan." Na zuba masa fura.

Na Masama ma haka muka yi, har mun fi zarewa, tunda na farko bai nuna komai ba.

Damina biyu ya yi. A ta ukun, ranar wata kasuwa, ruwa ya cika rafin, motar kaya ɗauke da buhuna da mutane a sama ta hau, kwalbatin ya karye a tsakiya. Mutane sun karairaye. Wadda ta rasu Hajo ce, Bafulatana mai nono daga rugar bayan Masama. Na san ta. Lokacin da muke aikin ita ke kawo mini nono, tana tsokanata wai na fi maza faɗa. Da aka fasa ɓaraguzan, kowa ya ga gurbin da rodi ya kamata ya kasance.

Da aka kama Ɗanjuma, bai sha wuya ba ya kira sunana. A kotu aka kawo wani dattijon injiniya ya yi bayani. Karan dawa ya shigo da shi. Ya riƙe bakinsa biyu, ya sa wani ya danna tsakiya, ya ce alƙali ya duba inda ya fara tsagewa. Ta ƙasa ne. Ya ce kankare yana jure danni amma ba ya jure ja, kuma in mota ta hau, cikin kwalbatin na ƙasa ne ake ja. Rodin ƙasa shi ke riƙe da ran mai wucewa. Kaurin da na ƙara nauyi kawai na ƙara masa. Katangar ubana a kan ƙasa take zaune, kwalbati kuwa a kan rami yake. Ina tsaye cikin akwatin kotu, na Dalijan ya faɗo mini a rai.

Alƙali ya tambaye ni ko akwai wani aikin da na taɓa yi wa haka. Na dube shi na ce babu. Ɗanjuma ya sunkuyar da kai, shi ma bai tona ba. Aka ɗaure mu. Nasiru ba a ɗaure shi ba, amma an kore shi, an karɓe izininsa na aiki, don ya sa hannu a kan abin da bai tsaya ya gani ba.

Shekarun gidan yari ba zan tsawaita ba. Akwai wahala, na kuma cancance ta. A can na koyi karatu, na gyara sallata. Amma duk lokacin da aka yi ruwa mai ƙarfi, sauran mata suna murna an samu sanyi, ni sai in kasa cin abinci. In gandiroba ta shigo, fuskarta nake duba ko ta zo da labari daga Dalijan. Na yi ta istigfari a kan Hajo, ina sane cewa ina ɓoye da ramin wata Hajon. Tsoro ne kawai. Na san in na faɗa, sabuwar shari'a ce, ga kuma ƙaryar da na yi wa alƙali.

Da na fito, na huta 'yan makonni, na hau mota zuwa Kalgo neman gafarar Nasiru. Na same shi a wata rumfa bakin hanya yana gyaran injin ban ruwa na manoman shinkafa, hannunsa baƙi ƙirin da mai. Ya rame. Da ya gan ni sai ya miƙe ya ba ni bencinsa.

Na ce, "Injiniya, na zo ka yafe mini."

Ya ce, "Daina kirana da wanga suna, Inna, an karɓe shi. Nawa na yafe. Amma kada ki ɗauke mini nawa laifin. Da na tsaya, da ba ki zare ba. Na san ƙa'idar, na bar ta don barcin safe da kwanon fura."

Na so ya zage ni, da na fi samun sauƙi. Ya ci gaba da murɗa ƙusa, can ya ce ba tare da ya ɗago ba, "Na Dalijan fa?"

Na ce, "Mi ya same shi?"

Ya ce duk damina yana hawa babur ya je ya shiga ƙarƙashinsa ya duba. Bara ya ga tsaga siririya a cikinsa, bana ta buɗe har farce na shiga. Ya kai magana inda ya dace, an zo an duba, amma daga waje ba a ganin abin da ke cikin kankare, kuma maganar korarre ba ta da nauyi. "In cikakke ne, zai iya jiran gyara. In an zare, ko yau sai a rufe shi. Ke kaɗai za ki raba wagga gardama, Inna. Don Allah, an taɓa shi?"

Na dubi mutumin da na riga na kashe wa aiki, na ce, "Cikakke ne."

Ya ce, "Alhamdu lillahi," ya sauke ajiyar zuciya, ya raka ni har bakin mota. Ya yarda da ni karo na uku.

A hanyar komawa hadari ya haɗu, aka kece da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Matan da ke kusa da ni a motar suna ta lissafin gobe: wadda za ta kai gyaɗa, wadda za ta kai ɗiyarta awo, duk ta hanyar Dalijan. Ɗaya ta ga ina rawar jiki ta yafa mini gefen mayafinta, ta ce, "Sannu Inna, sanyi ne."

To ku ji ni, ku matasa. Ban fara da kisa ba, da tsintar guntu na fara. Duk wanda ya ce muku kaɗan ne, ba mai gani, to ya fara zare muku rodi. Kai mai karatun injiniya, sa hannunka shaida ce, kuma wanda zai hau abin da ka shaida bai san ka ba, bai kuma da yadda zai duba. Kada ka sa hannu a kan abin da idonka bai gani ba. Ka tsaya har kwanon kankare na ƙarshe, ko da wadda ke cewa ka je ka huta ta haife ka. Irina muna nan a kowane wurin gini, mun iya fara'a, mun iya dama fura. Kai kuma lebura da mai ɗauri, abin da ba ka gane amfaninsa ba, tambaya ake yi, ba cirewa ba. Jahilcina bai dawo da Hajo ba, kuma ranar da na yi wa Nasiru ƙarya a Kalgo ko jahilcin ba ni da shi.

Washegarin dawowata daga Kalgo, da na idar da asuba na ɗauki gatari, na tara 'ya'yana na gaya musu inda za ni da abin da zai iya biyo baya. Babbar ta riƙe mini zane tana kuka, na ɓamɓare hannunta. Na hau kabu-kabu zuwa kwalbatin. Rafin ya cika, ruwa ja yana dukan bakinsa. Na sari ƙaya na ja na tare hanya ta gabas da ta yamma, na aiki mai babur ɗin ya kira mai gari, daga can ya wuce wurin 'yan sanda. Na kira Nasiru a waya na ce, "Ƙarya na yi maka jiya. Taho."

Motar farko ta iso da kaya har sama, direban ya leƙo yana huci. "Ke tsohuwa, hauka kike? Janye mana ƙayar nan!"

Na zauna a tsakiyar hanya, na ɗora gatarin a cinya. Na ce, "Kashe motarka ka sauke mutane. Rabin rodin ƙasan wanga kwalbati babu shi. Ni na sayar."